Yadda Ake Sabunta Babbar Manhajar Tsohuwar Kwamfuta Cikin Rahusa: Darasi Ga Ƙananan 'Yan Kasuwa Da Ma'aikatan Abuja

Abuja: A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye kulawar da yake bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10, bayan ta shafe shekara goma tana aiki tun fitowarta a watan Yulin 2015. Ko da yake an yanke wannan shawara ne a wata ƙasa mai nisa, ta shafi ɗimbin masu amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka a Babban Birnin Tarayya, tun daga masu shagunan buga takardu na Garki da Wuse, da lauyoyi da akantoci masu zaman kansu, har zuwa ɗaliban Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Mafi yawan waɗannan mutane da tsofaffin na'urori suke neman abinci, kuma ba su da halin sayen sababbi a wannan lokaci na tsadar rayuwa.

Babbar manhaja ita ce uwar dukkan manhajojin da ke cikin kwamfuta. Ita ce ke tashi da zarar an kunna na'ura, ita ke haɗa allon rubutu da fuskar kwamfuta da faifan ajiya da firinta, kuma a kanta ne sauran manhajoji, kamar na rubutu da na lissafi da na shiga intanet, suke zaune. Janye kulawa ba ya nufin kwamfutar za ta daina tashi. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin ke aikowa wata-wata domin toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. Saboda haka na'urar za ta ci gaba da aiki yadda ta saba, amma duk kafar da aka gano bayan wannan rana za ta zauna a buɗe, kuma yawan kafofin sai ƙaruwa yake yi a kowane wata.

Tarihi ya nuna irin asarar da wannan sakaci ke jawowa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da ayyuka a wasu asibitocin gwamnatin Ingila. Abin lura shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, na'urorin da ba a ɗora musu facin ba su ne suka kamu. Bayan matsalar tsaro kuma akwai ta watsi. An daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, shekara uku bayan haka kamfanin Google ya daina fitar mata da sabon zubin burauzar Chrome. Wanda ya tsaya a kanta yakan wayi gari wasu shafukan banki da na hukumomi sun ƙi buɗe masa yadda ya kamata. Haka Windows 10 za ta bi sannu a hankali.

Ga ɗan kasuwar da ke riƙe da bayanan jama'a, kamar mai makaranta ko ƙaramin asibiti ko mai cike wa mutane fom, maganar ta wuce ta asarar kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su. Ta kuma tanadi tara mai iya kaiwa Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, a kan ƙananan masu riƙon bayanai da suka saɓa mata.

Dalilin da ya sa lamarin ya fi tsanani a nan

Kasuwar kwamfuta a Nijeriya ta dogara ƙwarai a kan na'urorin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko na hannu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa ƙasar a shekara, mafi yawansu daga tashoshin Turai. Daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja kayan ke bazuwa zuwa Banex Plaza da Emab Plaza a Wuse 2, da Farm Centre a Kano, da sauran garuruwa. Kwamfutar da wani kamfani a Landan ya yi shekara huɗu ko biyar yana aiki da ita kafin ya sallame ta, ita ce wani matashi a Kubwa ko Nyanya zai saya a matsayin jarinsa na farko.

A ɓangare guda kuma ƙarfin saye ya ragu. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yunin 2023, ana canza dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashin kaya a kan kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamban 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin wannan shekara Naira 70,000 ne. Tunda kowace kwamfuta da kayan gyaranta da dala ake shigo da su, shawarar da kamfanonin ƙera na'urori ke bayarwa, cewa a sayi sabuwa kawai, ba ta karɓuwa ga akasarin jama'a. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a ƙara wa wadda ke hannu kwana.

A fara da sanin abin da ake da shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki na'ura a kai wa mai gyara a ce ya yi mata fomatin ya ɗora sabuwar Windows, ba tare da mai ita ya san ƙarfinta ba. Bincike na minti goma ya isa ya raba gardama. Idan aka rubuta winver a akwatin nema na Windows, za ta nuna zubin manhajar da ke kai. A sashen bayanin na'ura da ke cikin saituna kuma za a ga sunan injin sarrafawa, wanda 'yan kasuwa ke kira furosesa, da girman ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM.

Sharuɗɗan da Microsoft ya gindaya wa Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021, sun haɗa da RAM mai giga 4, da wurin ajiya mai giga 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM zubi na 2.0, da kuma furosesa da ke cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne ya kayar da mafi yawan kwamfutocin da ke kasuwannin Abuja. A ɓangaren Intel, jerin ya fara ne daga zubi na takwas, wanda ya soma fitowa a 2017, ban da 'yan ƙalilan daga zubi na bakwai; a ɓangaren AMD kuwa daga Ryzen 2000. Gane zubi ba shi da wuya. Lambar farko da ke bayan ɗan layi a sunan furosesa ita ke nuna shi: i5-8250U zubi na takwas ce, i5-6300U na shida, i5-3320M na uku. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa.

A nan akwai abin da ke ruɗin masu saye. Jama'a sun saba da tunanin cewa i7 ta fi i5, ita kuma ta fi i3, kuma wasu masu sayarwa suna cin gajiyar wannan tunani wajen tsuga kuɗi. To amma i3 ta zubi na takwas tana hawa Windows 11 a hukumance, i7 ta zubi na shida ba ta hawa. Haka nan sunan samfuri kaɗai bai isa shaida ba. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, waɗanda suka cika kasuwa, zubi na shida suke ɗauke da shi. EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480 akasari na takwas ne, amma an ƙera wasunsu da na bakwai, don haka furosesar ake dubawa, ba rubutun da ke bayan murfi ba.

Microsoft yana da wata manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check da ke duba na'ura ta faɗi sharaɗin da ta gaza cikawa. Idan ta ce matsalar TPM ce kawai, kada a yi saurin yanke ƙauna. Sau da yawa guntun yana nan, a kashe yake a cikin saitunan BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kunna shi ba ya cin ko kwabo.

Wadda ta cancanci Windows 11

Mai kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, kuma Windows 10 ɗinsa na halal ce, ba sai ya biya kuɗin lasisi ba, domin hawa daga 10 zuwa 11 kyauta ne. Tun daga zamanin Windows 8 manyan kamfanoni ke dasa lambar lasisi a jikin na'urar kanta, shi ya sa yawancin kwamfutocin ofis na hannu ke zuwa da lasisinsu ko da an goge faifan. Wannan ya sa ya kamata mai saye ya tambayi dalili idan aka nemi ya biya kuɗin lasisi dabam. Sai dai hanyar da aka daɗe ana bi, ta amfani da lambar Windows 7 ko 8 a kunna sabuwa, Microsoft ya toshe ta a watan Satumban 2023.

Kuɗin da za a kashe a nan na data ne da na lokaci. Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, bayan an ɗora kuma za ta ja wasu gigogin na faci. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ofishin da ke da na'urori da yawa zai yi tattali idan ya sauke fayil ɗin sau ɗaya daga shafin Microsoft, ya zuba shi a filashi mai giga 8 ko fiye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta gaza cika sharaɗi

A wannan rukuni ne mafi yawan mutane suka samu kansu, kuma a nan ne lissafin ya fi bukatar natsuwa. Microsoft ya buɗe wani shiri na tsawaita facin tsaro ga Windows 10 zubi na 22H2. Bisa sanarwar da ya yi a 2025, mutum ɗaya zai iya shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na shirin Microsoft Rewards, ko kuma kyauta idan ya yarda ya haɗa saitunan na'urarsa da asusun Microsoft, kuma wa'adin da aka sanar a lokacin shi ne 13 ga Oktoban 2026. Ga kamfanoni kuwa farashin dala 61 ne a kan kowace na'ura a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara har shekara uku, wato 61 da 122 da 244, jimla dala 427. Idan aka yi lissafi a kan Naira 1,500 a dala, kusa da inda canji ya tsaya a mafi yawan 2025, wannan ya kama Naira 640,500 a kan na'ura guda. Babu ƙaramin ofishin da zai biya haka a kan kwamfutar da ta haura shekara takwas. Amfanin shirin bai wuce na sayen lokaci kafin a shirya ƙaura ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda masu gyara da yawa ke bi: a tsallake binciken sharuɗɗa da wata manhaja kamar Rufus, a ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba. Gaskiya ne tana tashi, kuma a kan furosesa zubi na shida ko na bakwai mai isasshen RAM takan yi aiki lafiya. Amma Microsoft ya bayyana cewa irin wannan na'ura ba ta da haƙƙin samun faci, kuma babban sabuntawar shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake ɗora shi da hannu. Bugu da ƙari, tun daga zubin 24H2 na shekarar 2024, tsofaffin furosesa irin su Core 2 Duo ba sa iya tayar da ita ko da an yi dabarar. Ga ɗalibi mai kallon darussa da rubuta aikin makaranta, wannan kasada ce da za a iya ɗauka. Ga wanda ke riƙe da littafin kuɗin kamfani ko bayanan marasa lafiya, bai dace a gina sana'a a kan abin da mai shi ya riga ya ce ba ya lamuni ba.

Ya kamata a bambanta wannan da manhajar sata. Lasisin Windows 11 Home a shagon Microsoft dala 139 ne, wato Naira 208,500 a lissafin da ya gabata, kusan mafi ƙarancin albashi na wata uku, shi ya sa kwafin jabu da manhajojin fasa lasisi suka zama ruwan dare. Araha dai ba ta ado. Irin waɗannan manhajoji sukan bukaci a kashe kariyar na'ura kafin su yi aiki, kuma sanannen abu ne cewa masu kutse na cusa musu abin satar kalmar sirri. Wanda ya shiga asusun bankinsa daga irin wannan kwamfuta ya miƙa mabuɗin shagonsa ga wanda bai sani ba. Ban da haka, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin aikin da ake karewa.

Linux da danginta

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace araha kuma ta fi ɗorewa, ita ce barin Windows gaba ɗaya. Linux babbar manhaja ce da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma rubutawa a 1991, kuma lasisinta ya ba kowa izinin kwafa da rabawa ba tare da biyan kuɗi ba. Tana zuwa a nau'o'i da dama. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, tana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk shekara biyu. Na watan Afrilun 2024 yana da facin tsaro na kyauta har 2029. Linux Mint, wadda aka gina a kan Ubuntu, fasalinta ya yi kama da na Windows 7, shi ya sa sabon shiga ya fi saurin sabawa da ita. Zubinta na 22 yana tashi da RAM mai giga 2, ko da yake masu ita sun ba da shawarar giga 4, kuma nau'inta mai suna Xfce ya fi sauƙi ga raunanan na'urori. Fayil ɗinta bai kai giga 3 ba.

Ba yau Abuja ta fara ganin Linux ba. A 2007 makarantar firamare ta Galadima da ke gefen birnin tana cikin wurare na farko a duniya da aka gwada ƙananan kwamfutocin shirin One Laptop per Child, waɗanda da Linux suke aiki. A wannan shekarar kuma aka yi cacar baki a kan kwamfutocin ɗalibai 17,000 samfurin Classmate da aka yi odarsu domin makarantun Nijeriya da manhajar kamfanin Mandriva na Faransa, bayan da aka ji labarin za a maye gurbinta da Windows, har shugaban kamfanin ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer.

Abin da Linux ke iya yi wa ɗan kasuwa yana da yawa. Duk aikin da ake yi ta burauza, kamar rajistar kamfani a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, da biyan kuɗi ta Remita, da wasiƙun imel, da taron Zoom, yana tafiya a kanta. Linux Mint tana zuwa da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel ta kuma adana su a siffarsu. Wannan ya ƙara muhimmanci ganin cewa Office 2016 da 2019 su ma an janye musu kulawa a rana ɗaya da Windows 10. Ga marubutan Hausa kuma akwai tsarin allon rubutu na Nijeriya mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a cikinta tun asali.

Amma akwai inda ba ta kaiwa, kuma boye wannan ba zai amfani kowa ba. CorelDRAW, wadda masu buga katin biki da kalanda da allon talla suka dogara a kanta, ba ta da zubin Linux. Haka Photoshop da AutoCAD. Akwai madadinsu na kyauta, kamar Inkscape da GIMP, sai dai wanda ya shekara goma hannunsa ya saba da ɗaya ba zai koyi ɗayar a mako guda ba, kuma abokan hulɗarsa da fayilolin CorelDRAW za su ci gaba da zuwa masa. Takardar Word mai jadawali masu sarƙaƙiya takan ɗan sauya tsari a LibreOffice. Firintocin HP galibi suna aiki ba tare da wahala ba, amma wasu sikana da na'urorin ɗaukar zanen yatsa da Windows kaɗai aka yi musu manhaja. Ko a Turai sakamakon ya bambanta. Birnin Munik na Jamus ya shafe shekaru yana aiki da Linux, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017; jihar Schleswig-Holstein kuwa a 2024 ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnatinta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Horar da ma'aikata ma yana cin kuɗi a irin wannan ƙaura.

Sa'ar da aka yi ita ce ana iya gwadawa kafin a yanke shawara. Idan aka zuba Linux Mint a filashi, kwamfuta za ta iya tashi daga filashin ba tare da an taɓa abin da ke faifan ajiya ba. A wannan gwaji ne ake duba ko intanet mara waya yana kamawa, domin wasu tsofaffin na'urori masu guntun Broadcom sai an ƙara musu 'yar manhaja, a kuma duba sauti da kyamara da firinta. Ofishin da ke da kwamfuta biyar zai iya barin guda ɗaya a kan Windows domin aikin zane ko na akanta, ya rage shigar da ita intanet, ya mayar da sauran huɗun kan Linux.

Akwai kuma ChromeOS Flex, wadda Google ya saki kyauta a watan Yulin 2022. Tana neman RAM mai giga 4 da wurin ajiya mai giga 16, tana tashi da sauri, kuma ba ta bukatar wani gwanin kula. Raunin ta shi ne kusan komai nata a intanet yake, don haka ta fi dacewa da makaranta ko ofis mai tsayayyen layi fiye da mai sayen data kullum.

Inda ɗan kuɗi ke yin babban aiki

Sau da yawa nauyin da ake zargin babbar manhaja da shi daga faifan ajiya yake. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta kimanin mega 100 a daƙiƙa; faifan SSD na yau da kullum yana kaiwa kimanin mega 500, kuma ya fi shi nesa ba kusa ba wajen buɗe ƙananan fayiloli, wanda shi ne aikin da kwamfuta ta fi yi. Ba shi da wani abu mai motsi a ciki, don haka ya fi jure jijjigar tafiya a cikin jaka, kuma bai kai tsohon cin batir ba. Idan kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne, to SSD mai giga 256 shi ne kan gaba. Bayansa sai ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8, amma a kula cewa DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, wasu na'urorin suna bukatar nau'in DDR3L mai ƙarancin wuta, wasu sirara kuma a manne RAM ɗinsu yake, ba ya ƙaruwa. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya a ƙarshen 2025 saboda bukatar manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, saboda haka wanda aka ciro daga matacciyar kwamfuta, in an gwada shi a gaban mai saye, ya wadatar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabo. Idan ta toshe fanka, furosesa takan rage gudu da kanta domin kada ta ƙone, mai na'ura kuma ya ɗauka tsufa ne. Buɗewa a share, a sake shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, aiki ne na ƙasa da awa guda.

Ranar aikin kanta tana da ƙa'idoji. Kafin komai a kwafe takardu da hotuna zuwa wani faifai dabam, a kuma buɗe wasu daga cikinsu a tabbatar sun kwafu. Wanda ya sayi sabon SSD ya samu sauƙi, domin zai cire tsohon faifan ya ajiye shi da duk abin da ke ciki, in sabuwar manhajar ba ta karɓe shi ba ya mayar. Kada a soma ɗorawa sai batir ya cika kuma akwai tabbacin wuta, ko janareta a kusa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS tana iya kashe na'urar gaba ɗaya, kuma batirin tsohuwar kwamfuta ba abin dogaro ba ne. Wanda ya ɗora Windows 11 ya sani cewa sababbin zubinta sukan kulle faifai da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, don haka ya nemo lambar buɗewa mai lambobi 48 daga asusunsa ya rubuta ta a takarda ya adana. Idan kuma mai gyara ne zai yi aikin, a fita daga asusun imel da na banki kafin a miƙa masa, a nemi ya buɗe asusun Microsoft da sunan mai na'urar, ba da nasa ba, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin SSD ko RAM ɗin da aka saya.

Akwai na'urorin da ba su cancanci a kashe musu ko sisi ba, kamar masu furosesa mai bit 32 zalla, ko waɗanda RAM ɗinsu ba ya wuce giga 2. Ubuntu da Linux Mint sun daɗe da barin masu bit 32, Debian ma a zubinta na 13 da ya fito a watan Agustan 2025 ta daina fitar musu da cikakkiyar manhaja. Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara a duniya sanadiyyar ƙarshen Windows 10, kuma ana iya tsammanin wani kaso daga cikinsu zai biyo jiragen ruwa zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma da farashi mai jan hankali. Mai niyyar sayen ta hannu a Banex ko wani wuri sai ya nemi a kunna masa ita ya karanta lambar furosesa da idonsa. Wanda kuma zai rabu da tasa, ko ga mai gyara ko ga 'yan gwangwan, ya cire faifan ajiyar ya riƙe, domin fomatin na gaggawa ba ya goge bayanai, kuma da manhajar kyauta ana iya dawo da su.